YADDA AKE SAURARON ƘORAFI A MUJALLUN ILMI

Gabatarwa

Maganin da likita ya rubuta wa majiyyaci, da irin da malamin gona ya ce a shuka, da yawan ƙarfen da injiniya ya sa a gada, kusan dukansu suna da asali a cikin wata maƙala da wani masani ya buga a mujallar ilmi. Wanda ya sha maganin bai karanta maƙalar ba, watakila ma bai taɓa jin sunan mujallar ba, amma lafiyarsa tana rataye a wuyan gaskiyar abin da aka rubuta. Idan ƙarya ta shiga mujalla, ba a nan za ta tsaya ba. Za ta wuce zuwa littattafan ɗalibai, daga nan ta isa asibiti da gona da ofis.

Saboda haka masu buga irin waɗannan mujallu suka tsara hanyar karɓar ƙorafi da binciken zargi. Wannan ɗan littafi zai bayyana hanyar, domin amfanin malaman jami'a, da ɗalibai, da editoci, da sauran jama'a. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, manufar sauraron ƙorafi ita ce a gyara abin da ke rubuce domin kada ya cuci wani. Hukunta mai laifi aiki ne na wata hukuma dabam.

Mece ce mujallar ilmi?

Mujallar ilmi ita ce wadda masana suke buga sakamakon bincikensu a ciki domin 'yan'uwansu masana su karanta su auna. An fara buga irinta a shekarar 1665, ɗaya a birnin Paris na Faransa, ɗaya kuma a Landan ta Ingila a ƙarƙashin kulawar Henry Oldenburg. A yau akwai dubban irin waɗannan mujallu a duniya. A nan Nijeriya jami'o'i da ƙungiyoyin masana suna buga nasu, kamar mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya da aka soma a 1956, da Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano.

Idan marubuci ya aika da maƙalarsa, edita yakan miƙa ta ga masana biyu ko uku na wannan fanni su tantance. Su ne za su ba da shawarar a buga, ko a mayar a yi gyara, ko a ƙi. Amma ya kamata a lura da cewa masu tantancewa ba sa zuwa ɗakin gwaji ko asibiti su ga aikin da idonsu. Abin da aka rubuta musu suke dubawa, bisa kyautata zaton marubucin gaskiya ya faɗa. Watau dai aikin duka a kan amana aka gina shi. To, inda aka yi gini a kan amana, tilas ne a bar ƙofa a buɗe ga wanda ya ga an ci amanar ya zo ya faɗa.

Domin daidaita wannan al'amari, waɗansu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Vancouver na Kanada a 1978 suka tsara ƙa'idojin karɓar maƙala. Daga baya, a 1997, waɗansu editoci a Ingila suka kafa Kwamitin Ɗa'ar Ɗab'i, wanda aka fi sani da COPE. Dubban mujallu sun shiga wannan kwamiti, kuma matakan da za a bayyana a nan galibi daga jagororinsa suka samo tushe.

Ire-iren ƙorafin da ake kawowa

1. Ƙage. Shi ne mutum ya zauna a ɗaki ya ƙirƙiri alƙaluma ko majiyyata, ya ce ya yi gwajin da bai yi ba.

2. Murɗiya. An yi gwajin, amma aka sauya sakamakon, ko aka zubar da wanda bai yi wa marubucin daɗi ba, ko aka taɓa hoto. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta suka duba maƙalu fiye da 20,000, suka tarar kusan kashi 4 cikin 100 suna ɗauke da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba.

3. Satar fasaha. Ɗaukar rubutun wani, ko tunaninsa, ko alƙalumansa, ba tare da an ambace shi ba. Fassara aikin wani daga Larabci ko Faransanci zuwa Turanci ko Hausa a sa sunan kai, shi ma sata ne.

4. Buga aiki ɗaya a mujallu biyu, a nuna kamar ayyuka biyu ne.

5. Rikicin sunayen marubuta. Ko a cire sunan wanda ya yi aikin, ko a sa sunan wanda bai yi komai ba don girmansa. Bisa ƙa'idar editocin likitanci, marubuci shi ne wanda ya cika sharaɗi huɗu: ya sa hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutawa ko yi wa rubutun gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi a kan aikin. Shugabancin sashe kaɗai bai isa ya mai da mutum marubuci ba.

6. Ɓoye wata alaƙa ta kuɗi ko ta zumunci wadda za ta iya karkata ra'ayin marubuci, ko mai tantancewa, ko edita.

7. Yin gwaji a kan mutane ba da yardarsu ba, ko ba da iznin kwamitin ɗa'a ba.

8. Ha'inci a wajen tantancewa. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙalu 107 daga mujallar Tumor Biology, bayan an gano cewa rahotannin tantancewar na jabu ne.

Wa ke da ikon kai ƙorafi, kuma yaya ake kai shi?

Kowa yana da iko. Farfesa da ɗalibi, ma'aikacin ɗakin gwaji da ɗan jarida, har ma da majiyyacin da ya ga hotonsa a mujalla ba da saninsa ba. Abin da edita zai duba shi ne nauyin hujja. Matsayin mai ƙorafi ba ya ƙara mata nauyi, ba ya kuma rage mata. Hatta wanda ya ɓoye sunansa ana sauraronsa, domin sau da yawa wanda ya fi kowa sanin gaskiya ƙaramin ma'aikaci ne da ke tsoron rasa abincinsa.

Mai ƙorafi ya kiyaye waɗannan abubuwa. Da farko ya nemi shafin da mujallar ta bayyana hanyar kai kuka, ya rubuta wa babban edita. Ya ambaci sunan maƙalar da shekara da shafi. Ya nuna ainihin wurin da yake zargi: idan sata ce ya jera rubutun biyu gefe da gefe, idan alƙaluma ne ya nuna inda lissafin ya ƙi haɗuwa. Ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ya bar edita ya yanke ko laifi ne. Idan akwai jiƙaƙƙa tsakaninsa da marubucin, gara ya faɗa da bakinsa tun farko. Sa'an nan ya guji zagi da ƙazafi, domin kalmar ɓatanci takan raunana hujja mai ƙarfi, tana kuma iya kai mai ita gaban alƙali. A ƙarshe ya ajiye kwafin duk wasiƙar da ya aika da wadda aka aiko masa.

Abin da edita zai yi

Mataki na farko shi ne ya amsa wa mai ƙorafi cewa takardarsa ta iso. Yin shiru shi ne ke sa mutane su fid da rai su kai maganar kasuwa.

Na biyu, ya duba zargin da kansa, ko ya nemi wani masani wanda ba ruwansa da ɓangarorin biyu ya duba. Akwai manhajojin kwamfuta masu gano rubutun da ya yi kama da wani, amma na'ura kamanni kawai take nunawa. Mutum ne zai gane ko sata ce, ko kuwa magana ce da aka ɗauko aka kuma ambaci mai ita.

Na uku, idan ya ga zargin yana da tushe, ya rubuta wa marubutan cikin ladabi, ba da harshen tuhuma ba, ya nemi bayani, ya sa musu wa'adi. Yana da ikon neman ainihin bayanan da aka tattara, da hotuna na asali, da takardar iznin kwamitin ɗa'a. Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Sau da yawa abin da aka zata ha'inci ne sai ya zama kuskuren jera hoto ko na lissafi. A duk tsawon wannan lokaci wajibi ne a rufa asirin kowa, kada a bayyana sunan mai ƙorafi sai da yardarsa.

Na huɗu, idan marubutan suka ƙi amsawa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai edita ya kai maganar ga jami'a ko cibiyar da aka yi binciken. Dalili kuwa shi ne, edita ba shi da ikon shiga ɗakin gwajin wani ya ƙwace littattafansa, ko ya kira shaidu. Jami'ar da ta ɗauki mutum aiki ita ce mai wannan iko. Rabon aikin ke nan: jami'a ta binciki halin ma'aikacinta ta hukunta shi, mujalla kuma ta gyara abin da ta buga. Haka nan rikicin sunayen marubuta, jami'a ce ke raba shi.

Ko da maƙalar ba a riga an buga ta ba, bai kamata edita ya mayar da ita kawai ya wanke hannunsa ba. Idan ya yi haka, gobe za a kai ta wata mujalla wadda ba ta lura ba.

Hanyoyin gyara guda uku

Gyara. Idan kuskuren ƙarami ne, kuma bai rushe sakamakon binciken ba, sai a buga sanarwar gyara a haɗa ta da maƙalar. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sanarwar gargaɗi. Idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin shakka, amma bincike bai ƙare ba ko zai daɗe, sai edita ya sanar da masu karatu su yi hattara da maƙalar kafin gaskiya ta fito.

Janyewa. Idan ya tabbata ba za a iya dogara da sakamakon ba, ko don ha'inci ko don babban kuskure, ko kuma an tabbatar da sata ko gwajin da ya saɓa wa ɗa'a, sai a janye maƙalar. Janyewa ba ta nufin a goge maƙalar ta ɓace. Ana barinta inda take, a buga mata hatimin cewa an janye ta. Jagorar da COPE ya fitar a 2009 ta buƙaci sanarwar janyewa ta faɗi wace maƙala ce, da wanda ya janye ta, da dalili, cikin harshen da babu ɓatanci, kuma kowa ya iya karanta ta kyauta. Edita yana da ikon janyewa ko da marubutan ba su yarda ba.

A kula, ba kowace janyewa ce abin kunya ba. A Janairun 2020 Frances Arnold, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2018, ta sanar da kanta cewa ita da abokan aikinta sun janye maƙalar da suka buga a mujallar Science, domin an sake gwajin bai ba da sakamako iri ɗaya ba. Masana da yawa sun yaba mata.

Illar jinkiri

A Fabrairun 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa, a kan yara 12 kacal. Maƙalar ta jefa zargin cewa allurar rigakafin da ta haɗa ƙyanda da hangum da wata cuta ta uku tana da alaƙa da larurar otizim, wadda ke taɓa yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗo daga sama da kashi 90 cikin 100 zuwa kimanin kashi 80. A 2004 wani ɗan jarida, Brian Deer, ya tona cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai ƙarar masu yin allurar, bai kuwa bayyana wa mujallar ba. Marubuta 10 suka janye goyon bayansu ga fassarar da aka yi wa sakamakon, amma maƙalar ta ci gaba da zama. Sai a Fabrairun 2010, bayan hukumar kula da aikin likitoci ta Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya, aka janye ta, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci a watan Mayu. Kafin nan, tun a 2008, ƙyanda ta riga ta sake samun gindin zama a Ingila. Manyan binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ba su sami wata alaƙa tsakanin allurar da otizim ba.

Misali na biyu daga Japan yake. A shekarar 2000 waɗansu likitoci uku daga Jamus suka rubuta wa wata mujalla cewa alƙaluman Yoshitaka Fujii, likita mai sa majiyyata barci lokacin tiyata, sun yi kyan da ya wuce hankali, domin yawan masu ciwon kai yakan zo daidai wa daida a rukunoni dabam-dabam. An buga wasiƙar, amma ba a bi diddigi ba, shi kuwa ya ci gaba da bugawa. Sai a 2012 wani likitan Ingila, John Carlisle, ya auna gwaje-gwajensa 168 da lissafi, ya nuna cewa da wuya ƙwarai a sami irin waɗannan alƙaluma a zahiri. A wannan shekarar ƙungiyar likitocin fannin ta Japan ta tabbatar da ƙage a maƙalu 172. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan sai da aka yi shekara 12 kafin a kai ƙarshensa.

A gwada waɗannan da abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona. Ranar 22 ga Mayu The Lancet ta buga maƙalar da ta ce ta nazarci majiyyata fiye da 96,000 a asibitoci 671, ta gano cewa kulorokwin da danginsa suna ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Nan da nan masana fiye da 100 suka sa hannu a wasiƙar ƙorafi. Cikin abin da aka lura da shi akwai cewa mamatan da aka lissafa a Ostireliya sun zarce adadin da gwamnatin ƙasar ta bayar, kuma bayanan da aka ce an samo daga asibitocin Afirka sun yi yawan da ke da wuyar gaskatawa. Mujallar ta fitar da sanarwar gargaɗi. Da kamfanin Surgisphere mai bayanan ya ƙi miƙa su a bincika, uku daga cikin marubuta huɗu suka nemi a janye, aka kuwa janye ranar 4 ga Yuni, watau cikin kwana 13. Daga baya ingantattun gwaje-gwaje suka nuna cewa maganin ba ya taimaka wa masu korona da ke kwance a asibiti. An bar ingantaccen bincike ya yanke maganar, ba jabu ba.

Idan ƙorafin a kan edita ne

Edita ma ɗan Adam ne. Marubucin da aka ƙi maƙalarsa yana da damar ɗaukaka ƙara, muddin zai nuna cewa mai tantancewa ya yi kuskuren fahimta ko ya nuna son zuciya. Jin haushi kaɗai ba hujja ba ne. Idan edita yana da alaƙa da ɗaya daga cikin ɓangarorin, tilas ya janye jiki ya ba wani. Idan kuwa shi kansa ake zargi, sai a kai kuka ga kamfanin ɗab'i ko ƙungiyar da ta mallaki mujallar, domin ba a zama alƙali a shari'ar kai. In duk wannan bai biya ba, kuma mujallar tana cikin COPE, ana iya kai maganar can. Sai dai kwamitin ba kotu ba ne. Abin da yake dubawa shi ne ko mujallar ta bi matakan da suka dace.

Sababbin matsaloli

A 'yan shekarun nan an sami kamfanonin ɓoye masu ƙera maƙalun jabu suna sayar wa masu neman ƙarin girma. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga cikinsu daga mujallun Hindawi, wanda kamfanin Wiley ya saya a 2021. Har ila yau akwai mujallun 'yan damfara, masu karɓar kuɗi su buga kowane abu ba tare da tantancewa ba. Irin waɗannan ba su da ƙofar ƙorafi ko kaɗan, kuma wannan kansa alama ce da ake gane su da ita. Game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa, COPE ya bayyana a 2023 cewa ba za a sa su cikin jerin marubuta ba, domin ba za a iya tuhumarsu ba, kuma wanda ya yi amfani da su wajibi ne ya faɗa.

Abin da ya rage gare mu

A jami'o'in Nijeriya ƙarin girman malami ya dogara ƙwarai a kan maƙalun da ya buga, kuma a rumbun mujallun Afirka na AJOL, wanda aka fara a 1998, Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan mujallu. Ke nan nauyin da ke kanmu ba ƙarami ba ne. Ƙasar nan ta kuma san zafin gardama a kan yardar majiyyata. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ya jawo doguwar shari'a a kan iznin iyaye da takardar amincewa. Kamfanin Pfizer ya musanta aikata laifi, aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. A 2007 aka fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa ƙarfin doka. Don haka editan da ya nemi ganin takardar iznin kwamitin ɗa'a kafin ya buga bincike a kan mutane, aikinsa yake yi.

Ya kamata kowace mujalla ta buga hanyar kai ƙorafi a fili, da adireshin da ake amsawa. Ya kamata kowace jami'a ta ware jami'in da editoci za su tuntuɓa, ta kuma kare ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ya faɗi gaskiya daga ramuwar gayya. Mai bincike ya adana littattafan aikinsa da bayanansa na asali, kuma abokan aiki su daidaita a kan jerin sunaye kafin a soma rubutu, tun ran gini tun ran zane. Kafin ɗalibi ya kafa hujja da wata maƙala, ya duba ko an janye ta. Rumbun Retraction Watch, wanda ke tattara maƙalun da aka janye, a buɗe yake kyauta ga kowa tun 2023.

Wanda kuma ya ga ɓarna a rubuce, kada ya ce ba ruwansa. Ya tattara hujjarsa, ya rubuta wa edita cikin natsuwa, ya bi sawun takardarsa har ya sami amsa.